Zogale a Rumfar Shanu

Ranar da Lanh za ta tafi Hanoi a cire mata yanar ido, sai da ta zaga da mijinta bayan gida sau biyu tana nuna masa tukwanen shukarta. Khue na biye da ita, hannu a baya, yana gyaɗa kai, amma hankalinsa na kan wuƙar likita.

"Tsoho, kana jina kuwa?"

"Ina ji."

"Me na ce?"

"Kin ce in kula da su."

Ta dube shi da idon da ya rage mata mai gani, ta ja numfashi, ta ɗauki jakarta.

Shekara talatin da huɗu ke nan da ya auro ta daga An Giang, can kudu inda ba a san rigar sanyi ba, ya kawo ta Moc Chau, kan tudu, cikin gonakin shayi da hazo. Duk zuwan da ta yi gida sai ta dawo da wani abu a leda, reshe ko iri ko saiwa. Yawancinsu ba su ƙetare sanyin farko ba. Waɗanda suka rage su ne lemun tsami guda, da gwanda biyu, da ƙananan ganyayen miya, sai kuma zogale a cikin rabin duro, wanda ya fi Khue tsawo. Shi dai abin da ya sani game da zogalen nan shi ne miyarsa da jatan lande. Yadda yake kai wa bazara kuwa, bai taɓa tambaya ba, domin a watannin sanyi shi yana masana'antar shayi daga safe zuwa yamma, har ya yi ritaya bara.

Kwana goma za ta yi a wurin 'yarsu Nguyet. A rana ta uku da la'asar lasifikar unguwa ta fara magana: iska mai sanyi ta taso daga arewa, ma'aunin zafi zai sauka har sifili, raɓar gishiri za ta zuba kwana huɗu ko biyar, masu dabbobi su killace su. Khue ya san raɓar nan. Takan kwanta fari fat a kan ganye da asuba, kafin rana ta take ganyen ya yi baƙi kamar an babbake shi.

Ya fita ya tsaya a gaban tukwanen. Ya ɗauki waya zai kira Lanh, ya tuna jibi za a yi mata aiki, Nguyet kuma ta ce kada a tayar mata da hankali saboda hawan jini. Ya mayar da wayar aljihu.

Ya kwashe tukwanen ɗaya bayan ɗaya zuwa kicin. Zogalen ya ƙi shiga sai da ya karkata duron, wani reshe ya karye a bakin ƙofa. Ya toshe taga da tsumma, ya hura gawayi a kurfoti ya ajiye a tsakiyarsu. Da ya taɓa ƙasar tukwanen ya ji ta yi sanyi kamar ƙarfe, sai ya ɗumama ruwa ya ba kowacce har ya tsiyayo ta ƙasa. Ya yi haka da yamma, ya sake da safe, ya kuma da rana.

Ranar aikin, tun ƙarfe takwas yake kiran Nguyet ba ta ɗauka. Ya kasa cin abinci. Ya shiga kicin ya tarar ganyen gwandar nan biyu sun rataye kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ya danna gindin ɗaya da yatsa, yatsan ya nutse. Zogalen kuwa ganyensa ya yi rawaya, yana zuba da kansa ko ba a taɓa shi ba. Ya sake kira. Shiru.

A haka maƙwabcinsa Panh ya same shi. Panh mai shanun madara ne, ya girme shi da shekara biyu, kuma bai taɓa barin ya manta da haka ba. Yana tura ƙofar kicin hayaƙi ya tare shi, ya ja da baya yana tari.

"Ƙane, shuka kake raino ko kifi kake kyafewa?"

"Sanyi ne zai kashe su."

"Ai ka riga sanyin. Buɗe tagar nan kafin kai ma mu same ka a kwance." Ya tsuguna ya tura yatsa cikin tukunyar gwanda, ya fito da shi da caɓi. "Wa ya ce ka ba su ruwa?"

"Mai ɗumi ne."

"Ko da shayi ne. Abin da yake barci ba a ɗura masa ruwa."

Khue ya zauna a kan kujera 'yar tsugunne, ya riƙe kai. Ya ce, "Yaya, yarinyar nan ba ta ɗaukar waya. Tun safe."

Panh ya daina wasan. Ya ce asibiti sukan hana waya, kowa ya san haka. Sannan ya ce gwandar sun tafi, a bar zancensu, amma zogale da lemun a kai su rumfar shanunsa. Ya zagaye ta da tamfol, numfashin shanu goma sha biyu ya fi kowane gawayi, kuma babu hayaƙi.

Suka ɗora duron a amalanke, tsofaffi biyu, ɗaya na ja ɗaya na turawa, suna tsayawa kowane taku ashirin su huta. Suka ajiye shi a lungu, bayan ƙarfen da ya raba shanun da hanya. Suna cikin gyara masa zama wayar ta yi ƙara. Nguyet ce. An gama lafiya, Mama na barci, an rufe idon, gobe za ta kira shi da kanta. Khue ya jingina da bango.

Da sassafe ya taka zuwa rumfar, ciyawar hanya fari fat, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalminsa. Ya tarar da Panh a bakin tamfol, ya cire hula yana murza ta.

"Kafin ka shiga, ka sani aikin karsanata ne. Ta kwance igiya. Ban san yadda ta yi ba."

Lemun tsamin na nan, ƙayarsa ta cece shi. Zogalen kuwa ya koma sanda. Ta cinye rassan, ta karya shi daidai ƙugu, ta ɓare ɓawon ta gefe guda ya sauko kamar an yage tsumma. Karsanar na tsaye tana tuƙa, tana kallonsu.

A daidai lokacin wayar ta yi ƙara.

"Tsoho, ka ci abinci?" Muryar Lanh a shaƙe, amma tata ce.

"Na ci. Ya idon?"

"Yana ƙaiƙayi. An ce sanyi ya sauko can. Ka shigar da su?"

"Na shigar."

"Zogalen fa?"

Ya dubi sandar. "Yana wuri mai ɗumi."

"To. Baƙar tukunyar da ke gindin famfo, ka sa ta inda ruwa ba zai taɓa ta ba, ko?"

Khue ya san tukunyar. Ba komai a cikinta sai ƙasa, ko tsinke babu, shi ya sa ya bar ta. Kwana uku tana nan, yayyafi ya sauka a kanta, famfo na ɗiga a gefenta, raɓa ta kwanta mata sau biyu.

"Na sa," in ji shi.

Ya koma gida da sauri har yana tuntuɓe. Saman ƙasar ya daskare, ya yi ɓawo. Ya rungumo tukunyar ya kai ɗaki ya ajiye a gindin gado. Bai san abin da ke ciki ba, kuma ya kasa tonawa ya gani. Kwana biyar da suka rage, kullum sai ya tsuguna ya sansana ta. A rana ta uku ya fara jin wari.

Lanh ta dawo da baƙin tabarau, Nguyet na riƙe da hannunta. Likita ya hana ta sunkuyawa da ɗaukar kaya har wata guda. Khue bai bari ta zauna ba. A tsakar gida, jakar na hannunsa, ya faɗa mata komai, gawayin da ruwan ɗumin da karsanar da ƙaryar da ya yi a waya. Nguyet na ta yi masa alama da ido ya yi shiru, bai yi ba.

Lanh ta ce, "Kai ni wurin zogalen."

A rumfar ta shafa sandar daga sama har ƙasa, ta kankare ɓawon da farce kusa da gindi, ta ce Khue ya faɗa mata launin da ya gani.

"Kore."

"To samo zarto. Ka yanke shi ƙasa da inda ya yage, daidai gwiwa, ka shafa toka a kan yankan, ka naɗe shi da karan shinkafa." Ta juya wajen Panh, wanda ya raɓe a bayan wata saniya. "Yaya Panh, fito. Ni ma duk shekara sai na sare shi. Sai dai ni ba da haƙori nake yi ba."

Panh ya yi dariyar da ta fi ƙarfin maganar. Khue bai yi ba, domin da sauran baƙar tukunya.

Suka shimfiɗa tsohuwar jarida a ɗaki, ya kife tukunyar a kai. Warin ya cika ɗakin. Lanh na zaune a bakin gado, bayanta a miƙe kamar yadda likita ya ce, ta sa shi ya riƙa lalubo saiwoyin yana matsawa. Gangamau ne, wato kurkum. Ya ɗauko na farko, ya fashe a hannunsa kamar dafaffen dankali. Na biyu ma haka.

"Wannan fa?"

"Ya ruɓe."

"Na gaba."

Goma sha ɗaya ne. Biyu suka fito da tauri, ɗaya kuma rabinsa.

Lanh ta karɓi biyun ta riƙe a tafin hannu. Ta ce, "Daga bayan kicin ɗin Innata na haƙo shi, shekarar da ta rasu. Yanzu titi ya bi ta kan gidan." Ba ta ɗaga murya ba. Khue ya so a ce ta yi faɗa.

"Na zaci ƙasa ce kawai," in ji shi.

"Na sani. Yanke ruɓaɓɓen gefen nan, ka tsoma a toka. Nguyet, samo yashi busasshe a kwali."

Suka binne ukun a yashi, suka tura kwalin ƙarƙashin gado. Ta ce kada wanda ya taɓa shi sai an daina ganin hucin baki da safe. Sabuwar shekara ta zo ta wuce, baƙi suka ci suka sha suka tafi, Khue bai ji daɗin komai ba. Sau biyu Lanh ta kama shi a durƙushe da tocila yana leƙen kwalin.

"Kallo ba ya sa shi tsiro, Tsoho."

"Ba ya hana shi kuma."

A wata na uku zogalen ya fitar da tsiro uku daga gefen yankan, aka dawo da shi gida a amalanke. Lemun ya zubar da rabin ganyensa, ya sake wani. Da aka tone kwalin, rabin nan ya bushe ya zama kamar tsakuwa, ɗaya daga cikin biyun kuma ya yi fumfuna. Guda ya rage. Suka dasa shi, mako uku ba labari, har Khue ya daina zuwa shan shayi wurin Panh don kada a tambaye shi.

Wata safiya a ƙarshen wata na huɗu ya ga wani ɗan tsinke kore, a nannaɗe, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Bai yarda da idonsa ba, ya je ya kira ta. Lanh ta zo ta tsuguna a hankali, ta daɗe tana dubawa.

"Shi ne?" in ji Khue.

"Shi ne. Matsar da tukunyar can jikin bango, rana ta fi kaiwa wurin. Ka ɗaga ta sosai, kada ka ja."