Tafintan Inna

Aikina sayar da tikitin jirgin sama. Shekara da shekaru ina zaune bayan gilashi ina tura mutane ƙasashen duniya, ni kuwa ko matakalar jirgi ban taɓa takawa ba. Amma a gidanmu wannan ya isa. Kyaftin suke kirana, kuma duk abin da ya shafi ƙasar waje, daga cajar waya har ciwon daji, ni ake jira in yanke hukunci.

Shi ya sa ranar da likitan asibitinmu ya ja ni gefe ya ce ciwon dajin da aka cire wa Inna a nono bara ya dawo, ya bazu zuwa huhu, kuma tiyata ba za ta yi amfani ba, sai na dube shi sheƙeƙe. A raina na ce, me wannan ya sani, mutumin da fankar ofishinsa ma ba ta juyawa. Kafin in iso gida na riga na gama shawara da kaina: waje za mu kai ta, a yanke abin a jefar.

Ni da Auta, ƙanwata, muka haɗa baki cewa Inna ba za ta ji ba. Muka ce mata sanyi ne ya kama mata ƙirji, za a je a ɗan wanke shi. Ta dube mu ta saman tabarau, ta ci gaba da ɗinkin da take yi.

Na shiga intanet ba ji ba gani, har na fara gyara wa ma'aikatan jinya magana. Na yi wa Inna fasfo, na sayo akwati mai taya. Da na tuna can ana sanyi, na garzaya wurin masu gwanjo na ɗauko wata ƙatuwar kwat ta maza, don ita kaɗai ta rage. Da Inna ta gwada, hannayenta suka ɓace a ciki. Auta ta yi dariya har da riƙe bango, ni kuwa na ce ai haka suke sa ta a can.

Daga ƙarshe wani babban likita a wani asibiti na waje ya duba hotunan ƙirjin da na tura, ya yarda ya gan mu ta bidiyo. Ranar da safe na hana kowa sakat. Na ture keken ɗinkin Inna zuwa tsakar gida, na rataya sabon labule a kan inda fenti ya ɓare, wai kada likita ya raina mu. Na jingina waya da gwangwanin madara. Inna ta yafa gyalenta na unguwa, ta zauna a bakin gado. Tunda ba ta jin Turanci, ni ne tafinta.

Likitan dattijo ne, mai magana a hankali. Ya gaisa da Inna, ya cire tabarau ya ajiye, sannan ya fara bayani. Ya ce ƙarin ba guda ba ne, ƙanana ne birjik a huhun dama da na hagu. Ya ɗora tafukansa biyu a ƙirjinsa. Ya ce babu likitan kirki da zai sa mata wuƙa, kuma tafiyar ma kanta za ta wahalar da ita.

Na washe baki na juya wurin Inna.

"Ya ce abin da sauƙi, Inna. Ɗan wuri ne a gefe ɗaya."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ikon Allah. Bawan Allah ya yi ta magana har ruwan shayi ya tafasa, kai ka kawo min ɗan wannan. Sauran fa, a aljihu ka zuba?"

"Turanci ne, Inna, tsawo gare shi."

"To. Shi kuma gefe ɗaya da hannu biyu ake nuna shi a Turancin?"

Auta ta sulale ta fita. Na ji haushinta, don ni ma hanyar da nake nema ke nan.

Inna ta kama wuyan hannuna. Ban san ta rame haka ba sai da na ji ƙasusuwan yatsunta.

"Yayansu, ni na haife ka, ba kai ka haife ni ba. Jikin nan nawa ne, ni nake kwana da shi. Ka tambaye shi, in na je za a yanka in warke? Abin da ya ce ka ba ni shi yadda yake. Ina kallon fuskarsa, ina kallon taka."

Na tambaya. Likita ya girgiza kai tun kafin in rufe baki, wannan kuwa ba ya buƙatar tafinta. Ya ce magungunan da za su rage mata zafi da tari likitanmu na gida yana da su, kuma duk abin da mutumin nan ya rubuta daidai ne. Wato mai fankar da ba ta juyawa. Ya ce a bar ta kusa da mutanenta.

Na faɗa mata duka. Na ambaci sunan ciwon da bakina, na ce huhu biyu, na ce babu tiyata. Tsoro nake ji, tsoron da na yi ta rufewa da fasfo da akwati.

Inna ta ce Alhamdulillahi, sannan ta gyara gyale.

"Ka ce masa na gode. Ka kuma ce masa ya yi haƙuri da ɗana, bai taɓa rasa uwa ba ne."

Wannan ma na fassara, ban rage komai ba. Likitan ya mayar da tabaraunsa, ya daɗe yana gyara su.

Da aka kashe waya ta sa na cire labulen, na dawo mata da kekenta gindin taga. Akwatin kuwa Auta ta tura shi ƙarƙashin gado.

Bayan 'yan kwanaki na dawo daga aiki na tarar da Inna a kan keke, kwat ɗin nan a cinyarta, ta farke hannuwan. Takawa kaɗan take yi ta tsaya ta huta. Na yi murna, na ce ashe dai kwat ɗina ta yi rana, gara ta rage ta daidai jikinta ko don sanyin safiya.

"Miƙo hannunka," ta ce.

Na miƙa. Ta ɗora tef a kafaɗata, ta ja shi har wuyan hannu, ta sa alli ta yi alama a jikin kwat ɗin.

"Wata rana dai za ka hau jirgin nan naku," ta ce. "Ba na so ka je ƙasar mutane hannu yana reto, a ce ba ka da uwa."