Direbar Quilpie a Kan Teku

Jirgin ruwan bai gama barin gaɓa ba Merv ya fara rantsuwa cewa ya hango kifin wel, ƙaton kifin nan na teku.

"Ga shi can! Na rantse muku, ga bayansa can, baƙi ƙirin!"

"Taya ce, Merv," in ji Desley. "Tsohuwar tayar mota ce suka ɗaure a jikin gada. Zauna kafin ka faɗa ruwa mu koma gida da hularka kaɗai."

Dariya ta ɓarke. Su goma sha ɗaya ne, duk daga Quilpie, garin shanu da tumaki da jar ƙasa, inda ruwa mafi girma da suka sani shi ne kogin bayan gari idan ya ga dama ya kawo. 'Yan ƙungiyar shan shayin ranar Laraba ne, ƙaraminsu ya haura sittin. Tun bara suke maganar wannan tafiya zuwa Hervey Bay, inda kifayen wel ke yada zango da 'ya'yansu a ƙarshen sanyi kafin su wuce kudu. Yau ga su a kan teku, kowa da hular rana ɗaure a haɓa, suna ta rububin wurin tsayawa kamar yaran firamare.

Glenys, yayar Desley, ita ta tuƙo su, kuma babu wanda ya taɓa tunanin wani daban zai tuƙa. Ta ƙare ƙuruciyarta tana jan motar makaranta a hanyoyin rugagen da ke kewaye da garin, har rabin mutanen Quilpie sun girma suna kallon ƙeyarta. Da ta yi ritaya sai ƙaramar bas ɗin unguwa ta koma hannunta. Ita ke kai marasa lafiya asibiti, ita ke kai 'yan ƙwallo wasa, ita ke dawo da masu jana'iza. Idan Glenys ce a gaba, mutane barci suke yi.

Abin da ba su sani ba shi ne, wani tabo ya zauna mata a tsakiyar gani, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a gilashi. Abin da ke gefe tana ganinsa sarai. Abin da ta zuba wa ido kai tsaye shi ne ke narkewa. Likitan ido ya yi mata bayani, ya ce ta dawo, ba ta koma ba. Jiya da sassafe, bayan sun wuce wani gari na kan hanya mai suna Roma, wani ƙaton kangaru ya tsaya a tsakiyar titi, ba ta gan shi ba sai da Merv ya kurma ihu. Ta taka birki, kwandon biskit ya zube, kowa ya yi ta dariya ana cewa kangarun ne ya zo karɓar kuɗin hanya. Ita ma ta yi dariyar, amma har suka iso masauki abin bai bar ranta ba.

Jirgi ya miƙa. Ruwan ya tashi daga ruwan toka ya koma kore, koren ya yi haske har ana ganin yashin ƙasa. A hannun dama tsibirin K'gari ya bi su, farin rairayi ba iyaka, a bayansa tudun yashi mai ratsin ja da ruwan ɗorawa, a samansa daji mai duhu. Jagorarsu, wata budurwa mai suna Tahnee wadda rana ta ƙona wa hanci, ta ɗauki lasifika.

"Mutanen Quilpie, kuna nan?"

"Muna nan!"

"To ku dubi bakin rairayin can. Wani ya fito gaishe ku."

Karen daji ne, irin mai yi wa tumaki ɓarna, siriri, ja, yana tafiya shi kaɗai a kan jiƙaƙƙen yashi, ko kallonsu bai yi ba. Merv, wanda ya yi rayuwarsa yana askin tumaki, ya ɗaga masa dunƙule. "Ni da danginka muna da tsohuwar magana!" Kafin a gama dariyar wannan sai ga kifayen dolfin sun ɓullo a hancin jirgi suna tsere da shi, suna tsalle bibbiyu. Mata suka yi ta shewa. Wata ta yar da kofin shayinta a ruwa ba ta ma sani ba. Glenys ta yi shewa tare da su, sai dai tata takan biyo bayan ta sauran da ɗan kaɗan.

Can wajen hantsi injin ya rage ƙara.

"Hannun hagu, can nesa," in ji Tahnee. "Ku dubi feshin."

Kowa ya ruga hagu har jirgin ya ɗan karkata. Wani farin hayaƙi ya tashi daga ruwa, iska ta kwashe shi. Sai wata wutsiya mai faɗin ƙofar gareji ta ɗaga sama, ruwa na zuba daga gefenta, ta koma a hankali. Ihu ya cika jirgin. Merv ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

Desley ta miƙa wa yayarta madubin hangen nesa. Glenys ta kafa shi a ido, tana murmushi.

"Kai, kai, kai. Abin ya yi kyau."

Desley ba teku take kallo ba. "Kin ga ɗan nata a gefenta?"

"Na gan shi. Ɗan mitsitsi."

"Glen," Desley ta rage murya. "Babu ɗa a wurin. Uwar ma ta nutse tun ɗazu. Kwalekwalen masunta kike kallo."

Glenys ta sauke madubin. Ta goge gilashinsa da gefen rigarta, ta sake gogewa.

"Tun yaushe?" in ji Desley.

"Rana ce ta haske min ido."

"Kada ki raina min hankali. Jiya kin zuba min gishiri a shayi, na sha na yi shiru. Kangarun nan kuwa, ni da ke bayanki na gan shi tun daga kan gada. Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Tun bara! Kika kwaso mu cikin mota, har da Merv mai ciwon zuciya?"

"Hanyar nan a kaina take, Des. Ko ido rufe..."

"Ai kusan a rufen kika yi ta."

Glenys ta juyo ta fuskance ta. "To in na sauka daga kujerar nan, ni wace ce? Tsohuwa mai jiran a zo a ɗauke ta? Ke kina da jikoki. Ni motar nan nake da ita."

Desley ta buɗe baki za ta amsa, sai lasifika ta katse ta. Tahnee ce.

"Jama'a, an kashe inji! Akwai uwa da ɗa, sun juyo wajenmu. Son ganin ƙwaf gare su, in suka ji hayaniya sukan matso. Ku ɗaga hannu, ku yi ihu, ku yi duk haukan da kuka iya!"

Ba sai an sake faɗa ba. Tsofaffin Quilpie suka hau kaɗa huluna da tawul, wannan na kiran da take wa kajinta, wancan na kiran da yake wa shanu. Wata mai sandar tafiya ta dinga buga ta a ƙarfen jirgi. Baƙin da suka zo daga birni suka tsaya suna kallonsu, daga baya su ma suka shiga. Bayan uwar kifin ya taso can gaba, baƙi ƙirin, ya yi feshi, ya tsaya, kamar yana shawara.

"Za su wuce!" in ji Merv. Ya waiga ya cafko hannun Glenys. "Ke muke jira! Yi musu irin wanda kike wa 'yan makaranta!"

"Sake ni, Merv."

"Haba Glenys, feɗuwarki ta taɓa tsayar da faɗan mashaya daga tsallaken titi. Yi mana!"

Ya ja ta har bakin ƙarfe. Ba ta ganin komai a gabanta sai hasken ruwa da tabon nan a tsakiya. Ta sa yatsu biyu a baki, ta ja numfashi, ta yi feɗuwa. Ƙarar ta tsaga iska har matuƙin jirgi ya leƙo ta tagarsa. Ta ƙara, sannan ta buɗe maƙogwaro da muryar da ta tarbiyyantar da yaran gari guda.

"Ke! Zo nan! Ina magana kina tafiya?"

 Sai ruwan da ke ƙarƙashin ƙafafunsu ya canza launi. Wani abu fari-fari, shuɗi-shuɗi, ya taho daga ƙasa yana girma, yana ta girma, har ya fi bas ɗinsu tsawo. Ruwa ya dare. Numfashi ya fashe kamar an kwance tayar tirela, feshin ya sauka a fuskokinsu da ɗumi da ƙarnin kifi.

"Wayyo! Warin bakinta ya fi na Merv!" in ji wata, tana kuka tana dariya.

Uwar ta kwanta dab da jirgi, kusa har da Glenys ta miƙa hannu da ta kusa taɓa ƙurajen da ke haɓarta. Girmanta ya fi ƙarfin tabon. Tabon ya rufe wani ɗan wuri a jikinta, sauran duk ga shi nan: tsagogin farin cikinta, dogon fiffiken da ta ɗaga yana ɗigar ruwa, tsofaffin tabban da ke bayanta. Ta mirgina a hankali ta kwanta ta gefe, ido ɗaya ya fito sama. Glenys ta karkatar da kanta ta kalle shi ta wutsiyar ido. Ruwan ƙasa ne, da tattararriyar fata kewaye da shi, kuma ita yake kallo.

"Des," ta ce, ba ta juya ba. "Des, ina ganinta. Ga idonta nan."

"Na sani."

"A'a, da gaske nake wannan karon. Dubi, ga ɗan maraƙin can yana shigewa ƙarƙashinta! Nono yake nema, ja'iri!"

Ɗan ya ɓullo ta ɗaya gefen, ya yi ƙoƙarin tsalle, ya faɗi ta ciki ya watsa musu ruwa. Glenys ta ƙyalƙyale da dariya, tana dukan ƙarfe da tafin hannu, ruwan gishiri na bin wuyanta. Desley ta riƙe bayan rigarta da hannu biyu don kada ta zarce. Uwar ta zagaya jirgin, ta bi ta ƙarƙashinsa, ta dawo, mutane na binta da gudu daga wannan gefe zuwa wancan. Tahnee ta ajiye lasifika ta shiga ihun. Da suka gaji da wasan, uwar ta yi wani dogon numfashi, ta tura ɗanta gaba, suka nufi bakin tsibiri.

A hanyar dawowa muryar kowa ta dishe. Merv ya riga ya fara ƙara wa kifin tsawo.

Da la'asar suka zauna a kan bencin bakin teku suna cin soyayyen kifi da dankali a takarda, tsuntsayen ruwa na kewaya su suna bara. Desley ba ta sake tayar da maganar ba. Ta ci nata, ta lashe yatsu, tana kallon ruwa. Glenys ce ta miƙe ta karkaɗe siket.

"Ku saurara. Idona ya lalace, tsakiyarsa ba ya gani. Ba zan sake tuƙi ba. Des ce za ta mai da mu gida."

 Wata ta ajiye dankalin da ta kai baki.

Merv ya share maiƙon gashin bakinsa. "Desley? Wadda ta taka akwatin wasiƙun coci tana ribas?"

"Sau ɗaya ne!" in ji Desley.

"Ai akwatin ma guda ɗaya ne. 'Yan mata, ku sayi guzuri da yawa, sai Kirsimeti za mu isa."

Dariyar ta zo, ba ta kai ta safe ƙarfi ba, amma ta zo. Matar nan mai sanda ta jawo Glenys ta zaunar da ita kusa da ita, ta tura mata sauran kifinta.

Washegari suka loda jakunkuna. Desley ta hau gaba ta yi ta jan kujera har gwiwarta ta taɓa sitiyari. Glenys ta tsaya a ƙofa tana duban kujerar kusa da direba.

"A'a," in ji Desley. "In kika zauna nan, kafin mu fita gari mun yi dambe. Wuce baya."

Ta wuce can ƙarshe ta zauna kusa da Merv. Motar ta yi tsalle biyu kafin ta tashi. Suka bi titin bakin ruwa a hankali, tekun na walƙiya ta tagar dama, kowa na ɗaga masa hannu. A mararrabar farko tayar baya ta faɗa wani ɗan rami, Glenys ta tashi sama har kanta ya kusa taɓa rufi.

"Kai! Mene ne wannan?"

"Bayan mota ke nan," in ji Merv.

"Haka yake kullum?"

"Tun ranar da aka sayo ta."

"Amma ba wanda ya taɓa gaya min?"

Merv ya zaro matashin da yake zaune a kai, ya miƙa mata. "Wa ke da ƙarfin halin?"

Ta karɓa ta gyara zama. Can gaba Desley na neman giya ta uku, injin na kuka. Glenys ta so ta gyara mata, sai ta fasa, ta jingina kanta da gilashi, ta bar tekun yana wucewa ta gefen idonta.