Askin Babban Mutum

Shekara arba'in da ɗaya Mai Aski ya yi a tsaye bayan kujera yana gyara kawunan mutane, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji, ya bar wa wani shagon ya dawo gida. Abin da ya ci wa buri ba shi da yawa: shayin safe da matarsa, su biyu a 'yar barandarsu ta hawa na biyu, ba mai jiransa a shago, ba mai cewa a yi masa sauri. Ya kuwa samu, wata uku cif. Sai Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta shigo da wani ƙaton kwando mai murfi ta dire a tsakar falo, wai ta kawo wa Mama abin ɗebe kewa. Kewar me, alhali ga mutum nan zaune da ransa? Ba wanda ya tambaye shi.

Abin da ya fito daga kwandon nan, ba don an ce mage ba ne da Mai Aski ya nemi sanda. Muzuru ne, amma wane irin muzuru! In ya miƙe ya kusa tsawon teburin falo. Tafin ƙafarsa faffaɗa, da gashi har tsakanin yatsu, kunnuwa a tsaye kowanne da ɗan tuntu a samansa, ga geza tun daga wuya har ƙirji, jela kuwa buzu-buzu kamar abin kakkaɓe ƙura. Launinsa toka-toka da ratsin baƙi. Har da takardar asali ya zo, mai ɗauke da sunan uwa da uba da kakanni, shi kuwa Mai Aski ko sunan kakan babansa bai sani ba. Auta ta ƙara da cewa bai ma gama girma ba tukuna.

Da a ce mugu ne, da abin ya zo da sauƙi. Ina! Bai taɓa yakushin kowa ba, bai taɓa leƙa tukunya ba. Duk girman nan, in ya buɗe baki sai wata 'yar siririyar murya ta fito kamar ta ɗan tsuntsu. Baƙo ya ƙwanƙwasa, shi ne farkon zuwa ƙofa. An kunna famfo, ya je yana tsoma hannu yana wasa da ruwa. Matar gidan ta shiga kicin yana biye, ta fito yana biye, ta zauna ya kwanta a kan ƙafarta. Cikin mako guda ta raɗa masa suna Babban Mutum, kuma da bakinta, a gaban mijinta, take kiransa haka.

Gashi irin nasa ba ya son a ƙetare rana ba a taje ba, in ji Auta, in ba haka ba ya dunƙule. To wane lokaci matar ta zaɓa? Lokacin shayi. Ta shimfiɗa tawul a cinyarta, Babban Mutum ya haye ya baje, ta yi awa guda tana taje shi tana ba shi labari. Labarin maƙwabciya da ta sake fenti, labarin ciwon bayanta, duk hirar da a da kunnen Mai Aski take zuwa. Shi kuma yana gefe da kofinsa, shayi ya huce, in ya sako magana a ce masa "uhm" ba tare da an ɗago kai ba.

Mu kira abin da sunansa, kishi ne. Dattijo mai furfura da jikoki shida yana kishi da mage, ya kuma san abin kunya ne, sanin nan ne ma yake ƙara ƙona masa rai. Wani abin takaicin, ba ta iya tazar ba. Daga tushe take farawa tana fizga, maimakon ta bi daga baki a hankali, kuma ba ta taɓa kai mataji hammata ba. Hannunsa har ƙaiƙayi yake yi in yana kallo. Amma ya ce kawo in nuna miki? Allah ya kiyaye, shi da ya yi wa manyan mutane aski ba zai ƙare a wanzamin kyanwa ba. Ya ja bakinsa ya tsuke, wata takwas.

Ana nan aka yi wa yayar matarsa aiki a asibiti, matar ta tafi jinya ta kwana biyu. Ta bar masa saƙo kaɗan: abinci sau biyu, ruwa mai kyau, kada a bar tagar kicin a buɗe. Ko maganar taza ba ta yi masa ba.

Rana ta biyu da hantsi yana zaune a baranda, Babban Mutum ya zo ya ɗora masa kai a gwiwa, saboda shi bai san ana gaba da shi ba. Mai Aski ya kai hannu zai ture shi, yatsunsa suka ci karo da wani dunƙule a ƙarƙashin hammata, mai tauri kamar tsumma. Ya laluba ɗaya gefen, akwai. Bayan kunne ma akwai. Ya yi tsaki mai daɗi, irin na wanda gaskiyarsa ta fito, ya tashi ya ɗauko jakar kayan aikinsa daga saman kabad.

Da niyyar cire dunƙulen kawai ya fara, wannan gaskiya ne. Amma da ya cire sai wurin ya yi rami, kuma a shekara arba'in da ɗaya ba a taɓa tashi daga kujerarsa da kai rabi da rabi ba. Ya daidaita hagu, sai dama ta fi tsawo. Ya daidaita dama, sai ciki ya fito daban. Ya ajiye almakashi ya jona inji. Muzurun nan ko gezau, yana kwance a kan tawul yana gurnanin jin daɗi, yana ma juya masa gefen da ba a yi ba. Da aka zo kan geza, babu dunƙule ko ɗaya a cikinta, Mai Aski ya gani da idonsa. Ita ce wadda matarsa take tura yatsunta ciki in tana hira. Ya ɗora inji a kai, ya kuma ji daɗin yin hakan har cikin ransa.

Da la'asar matarsa ta dawo. Wani abu siriri mai ƙaton kai ya taho da gudu ya tare ta a ƙofa yana 'yar muryar nan tasa, sai da ta ja da baya kafin ta gane shi. Ta durƙusa ta shafa bayansa, fata fara sol, yana rawar ɗari. Mai Aski ya fara zuba bayani, dunƙule ne, ga su nan ma ya ajiye a takarda don ta gani, ga zafi, ai taimakonsa ya yi. Ta bar shi ya kai aya.

"Baban Auta, gezar ma dunƙulewa ta yi?"

Ya naɗe takardar dunƙulen ya ajiye.

"Wata takwas ina taje shi a gabanka, yatsuna suna ciwo, na san ban iya ba," ta ce, ba tare da ɗaga murya ba. "Me ya sa ban kai shi ɗaki na yi ba? Kullum jira nake ka ce kawo in yi, mu zauna mu biyu a kansa. Kan kowa a garin nan ya ga hannunka. Da ka tashi sa hannu a abina, ga abin da ka yi."

Ya so ta yi faɗa, da ya san yadda zai yi da faɗa. Ba ta yi ba. Ta naɗe muzurun a mayafinta, ta sa shi cikin kwando, jakarta da ko buɗewa ba ta yi ba ta sake ɗauka. Ta ce za su zauna a gidan Auta, ba za ta iya kallonsu su biyu a ɗaki ɗaya ba, in gashinsa ya fito sa dawo.

Nan hankalinsa ya ɗan kwanta, don in dai gashi ne ya san shi ciki da waje. Ya ƙirga mako biyu, a yi tsanani uku. Har ya taya ta sauko da kwandon.

Washegari Auta ta kira shi, ta gaishe shi sama-sama, ta ce sun kai Babban Mutum wurin likitan dabbobi, lafiyarsa ƙalau, sai dai a riƙa rufa shi. Mai Aski ya gyara murya ya ce ai ba komai, ta gaya wa mamanta nan da sati biyu ya tofo.

"Baba, ba kan mutum ba ne," in ji Auta. "Likita ya ce jiki wata shida. Gezar kuwa sai ta shekara, in ma ta dawo yadda take."

Ya tambaya ko mamanta ta ji. Auta ta ce a gabanta aka faɗa, kuma maman ta ce a turo mata keken ɗinkinta.