Injin da Yaya Ya Haɗa

Mutanen da wannan labari ya shafa ba su da yawa, kuma ya kyautu a san su kafin a shiga zance. Akwai Auta, direban wata tsohuwar motar ɗaukar yashi, wanda furfura ta cika masa gemu amma sunan bai sake shi ba. Akwai wansa, wanda kowa a gidan ke kira Yaya, shi ne mai motar. Akwai matar Yaya, wato Uwargida. Sai Bakanike mai gareji a bakin babban titi, da Mai Bulo, wanda motar ke kai wa yashi.

Motar ta tsufa ƙwarai. Agogon da ke ƙirga tafiyarta ya juya har ya gaji ya tsaya. Tun da Yaya ya saye ta yana da ƙuruciyarsa, hannun wani bai taɓa shiga cikin injinta ba sai nasa. Da kan injin ya fashe, na wata mota da ta yi haɗari ya samo ya ɗora. Notocin da ke riƙe da kan ma tsinto su ya yi, wasu dogaye, wasu gajeru, wasu da zarto ya rage musu tsawo. Kowanne da raminsa, kuma shi kaɗai ya san ramin. Auta kuwa tuƙi ne nasa. Iyakacin abin da aka yardar masa shi ne ya zuba ruwa a lagireto ya duba bakin mai, ya rufe bonet.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Yaya. Hannun dama ya mutu, ƙafar tana ja, harshe ya yi nauyi. Ya koma zaman kujera a baranda. Abincin gidan gaba ɗaya ya rataya a kan motar da kuma Auta.

Ba a jima ba motar ta fara farin hayaƙi, tana shan ruwa kamar mai ƙishin shekara. Wata safiya Auta ya zaro sandar auna mai, ya ga man ya koma fari-fari kamar an dama shi da madara. Ya lallaɓa da ita har gareji.

Bakanike ya shafa man a yatsa, ya girgiza kai. "Gaskit ne, Baba Auta. Abin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa ya ƙone, ruwa na shiga wurin mai. In ka ci gaba da hawanta haka, wata rana za ta kwanta maka a tsakiyar titi, kwanciyar da ba tashi."

"To sai ka gyara."

"Ni? Motar Yaya? Ranar da na gyara mata zaman madubi kawai, da sifana ya biyo ni har bakin kwata. In ya ce in zo da bakinsa, zan zo. In ba haka ba, ina son kaina."

Daga nan Auta ya biya wurin Mai Bulo ya shaida masa halin da ake ciki. Mai Bulo ya saurare shi yana kallon ma'aikatansa da ke zaune a kan buhunan siminti.

"Mun daɗe tare da gidanku, zan ɗan jira," in ji shi. "Amma ka ga mutanen nan, ba zan tara su suna kallon juna ba. Akwai mai sabuwar mota da ke ta zarya yana neman wurin nan. In na ba shi, na ba shi ke nan."

"Ranka ya daɗe, ba za a kai ga haka ba."

Da ya koma gida ya durƙusa gefen kujerar Yaya, ya faɗi komai, ya ƙare da maganar Bakanike. Yaya ya buga hannun kujera da hagunsa.

"Ba mai... taɓa ta."

"Yaya, to wa zai yi?"

"Kai. Ni ido... kai hannu."

Auta bai taɓa musu da wansa ba tun suna yara, kuma bai san ta inda ake farawa ba. Ya ce to.

Aka shigo da motar tsakar gida, hancinta na fuskantar baranda domin Yaya ya riƙa gani. Ta cike wurin kaf. Aka kwance igiyar shanya, aka matsar da randar ruwa, duk mai zuwa kicin sai ya bi ta gefe yana goga kafaɗa da bango.

"Sannu da ƙoƙari, injiniya," in ji Uwargida, tana ratsawa da kwano a ka. "An ce za a gyara mota, sai ga shi mu aka ɗaure. Kai da ko ƙusar bango sai ka lanƙwasa ta."

"Ki bari in gama, ke zan fara ɗauka a gidan gaba."

"Allah ya tsare ni. Gara in tafi da ƙafata."

Shiri ya fara da kyau. Aka fito da akwatin kayan aikin Yaya, kowane sifana naɗe cikin tsumma. Auta ya sayo sabon gaskit ya rataye shi a bango inda ba zai lanƙwashe ba. Ya tanadi bakin mai, da kananzir na wanke ƙarafa, da buroshi, da sarƙa da itacen da za a ɗaga kan injin da su, gama ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Yaya na nuni da yatsa, Auta na bi. Ya cire batir, ya tsiyaye ruwa da mai, ya kwance bututai, ya jera su a kan buhu yadda suka fito. Da ya ɗaga kai ya dubi abin da ya baje, sai ya gane ba komawa baya. Motar ba za ta ƙara fita daga gidan nan ba sai an gama.

Saura notocin kan inji, kuma a nan hatsarin yake. Idan aka kwance su ba bisa tsari ba, kan yana iya murɗewa, ba zai ƙara zama daidai ba. Idan wajen mayarwa dogo ya shiga ramin gajere, gangar injin ce za ta tsage, shi ke nan an yi sallama da mota.

"Daga ina zan fara, Yaya?"

Yaya ya daɗe yana kallon injin. "Gefe," in ji shi. "Amma... gobe."

Washegari Auta ya hau benci da sifana a hannu. "Na gefen dama ko na hagu?"

"Tsakiya."

"Jiya gefe ka ce, Yaya."

Fuskar Yaya ta haɗe. Ya ture kofin da ke kusa da shi, ruwan ya malala a siminti. "Ni za ka... koya wa? Sauko. Gobe."

Haka goben ta yi ta haihuwar wata goben. Yau a ce rana ta yi zafi, gobe a ce a ƙara wanke bututan da aka riga aka wanke. Auta ya goge sifanun har suna ƙyalli. Ba shi da wurin zuwa, ba shi da abin tuƙawa, sai ya zauna a kan matakalar motar yana jin motocin wasu na wucewa a titi, yana gane kowacce da kukanta.

Wani yammaci ya shiga kicin neman ruwan zafi, ya tarar da Uwargida na wanke-wanke. Ya jira tsokanar da ta saba, bai ji ba. Ta tura ƙofa da ƙafa.

"Auta, ka daina tambayarsa."

"In ban tambaye shi ba, wa zan tambaya?"

"Bai sani ba." Ta ajiye soso. "Ciwon nan ba hannu kaɗai ya ɗauka ba. Shekaranjiya ya ce in miƙo masa takalmi, alhali buta yake nufi. In kun tashi daga wurin motar, yakan yi ta motsa yatsu yana lissafi, sai ya tsaya a tsakiya ya koma farko. Ya san ya manta, shi ya sa yake ce maka gobe."

Auta ya jingina da bango. "To in kira Bakanike."

"Ka kira shi a kan me? Ka ce masa Yaya ya zama hoto? Abin da ya rage masa ke nan a duniya, a ce Yaya ne ya san injin nan."

"In bi maganarsa in kashe motar?"

"Ban ce ba."

"In zauna Mai Bulo ya ba wani wurin?"

"Shi ma ban ce ba." Ta juya ga kwanukanta. "Ni dai na gaya maka abin da na gani. Ɗauki ruwanka, kana tare min haske."

Da safe ya fita kamar mai zuwa sayen sabulu, ya zarce gareji. A hanya ya wuce wurin Mai Bulo, ya hango wata mota mai sabon fenti tana juye yashi. Mai Bulo ya ɗaga masa hannu daga nesa, ya ce na gwaji ne kawai, amma bai dube shi a ido ba.

Bakanike ya saurari tambayarsa yana goge hannu. "Kwancewa daga gefe ake farawa, kaɗan-kaɗan, a zagayo zuwa tsakiya. Wannan kowa ya sani. Mayarwar ce aiki. Kan nan ba na jikin ba ne, notocin kuma Yaya ya yi musu kaciya. Sai na gani da idona, na auna kowane rami. Ba abin da zan iya gaya maka daga nan."

Auta ya dawo gida ya tarar an fito da Yaya baranda, an rufa masa mayafi a gwiwa. Ya gaishe shi, ya ɗauki babban sifana, ya zura masa bututun ƙarfe domin ƙarin ƙarfi, ya hau benci.

"Yau za a yi, Yaya. Mai Bulo ya fara gwada wani."

Yaya ya buɗe baki zai ce gobe, sai ya ga fuskar ƙaninsa, ya fasa. Ya dubi injin. Yatsun hagunsa na motsi a kan mayafi.

"Tsakiya," in ji shi.

"To, Yaya."

Auta ya gyara tsayuwa yadda bayansa zai tare wa Yaya gani. Ya kai sifana kan notin can ƙarshe, na gefen salansa, wanda tsatsa ta cinye wa kai. Ya yi bisimilla, ya ja. Notin ya ƙi. Ya ƙara ja da dukan nauyinsa. Sai ƙarfen ya yi wani busasshen kuka mai tsini, ya saki.

Uwargida ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu.

"Wannan..." in ji Yaya. "Na gefe ne."

Auta bai juyo ba. "Na gefe ne, Yaya."

"Na tsakiya... cikin mai suke. Ba sa kuka."

"Haka ne."

"Tsakiya na ce."

"Haka ka ce."

Auta ya jira tsawa, ko kofi ya tashi. Ba abin da ya zo. Da ya gaji da jira ya waiwaya, sai ya ga Yaya ba shi yake kallo ba, mataccen hannunsa yake kallo.

"Wanne ne... daidai?" in ji Yaya a hankali.

Tun da Auta ya yi wayo, wansa bai taɓa tambayarsa wani abu game da mota ba.

"Gefe, Yaya. Ai kai ka fara faɗa min."

"Wa ya... tabbatar maka?"

Ya so ya yi ƙarya, ta ƙi fita. "Bakanike."

Yaya ya gyaɗa kai. Ya ɗaga yatsa ya nuna layin notocin, ya fara bin su ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Ya kai rabi ya tsaya. Ya koma farko, ya sake tsayawa a wurin. Ya sauke hannun.

"Dogayen... ban san ramukansu ba." Ya numfasa. "Je ka... kira shi."

"Yaya, in kana so mu ƙara jira..."

"Je ka."

Auta ya sauko daga benci, ya ajiye sifana a kan buhu. Kafin ya kai ƙofa ya ji Yaya na kiran Uwargida, yana cewa ta taimaka masa ya shiga ɗaki, sanyi yake ji, alhali rana ta riga ta ɗaga.

Bakanike ya zo, ya yi sallama a ƙofar ɗakin har sau biyu, Uwargida ta amsa masa a madadin mijinta. Ya auna ramuka, ya jera notoci, ya mayar da kan injin. Motar ta tashi, hayaƙin ya daina, Mai Bulo ya mayar wa Auta wurinsa. Amma kujerar Yaya ba ta ƙara fitowa baranda ba. A cikin ɗaki ya ce a ajiye masa ita, kusa da tagar da ke kallon bayan gida.

A nan labarin ya tsaya. Wanda ya karanta ya ga inda na karkace, ko a sunan wani ƙarfe ko a zaman wata kalma, ina roƙonsa ya daidaita, ya kuma yi mini uzuri.