Murabus ɗin Ladan

Ni fa har yau ban yafe wa rediyon Jumare ba.

Mijina, Malam Maiwada, shekara talatin da bakwai yana ladanci a masallacin unguwarmu, nan Gazara. Sanda aka kawo ni gidansa ba a san lasifika ba. Matakalar ƙasa ce a jikin masallaci, hawa biyar, sai ya hau ya toshe kunne ya buɗe murya. Masu noma can wajen hanyar Nasarawan Doya da kiransa suke ajiye fartanya. Ina tsakar gida ina surfe, in ji shi, in rage dukan turmi don kada wani harafi ya wuce ni. Ina son muryar nan, ba zan ɓoye ba.

To, girma ya zo. Kunne ya yi nauyi, murya ta fara rawa, wani lokacin sai ya tsaya tari a tsakiyar kira.

A daminar nan ƙasa ta rikice, kowace tasha ka murɗa ana kira ga shugaban ƙasa da ya yi murabus. Jumare, amininsa tun suna makarantar allo, ba ya rabuwa da rediyo. Wata ranar Laraba ya dawo daga kasuwar Makarfi, ya tara dattawa a gindin darbejiyar masallaci ana ta musu. Malam ya zo wucewa, abin da ya shiga kunnensa kawai shi ne, "Ya gaza, ya yi murabus ya ba wani." Da suka gan shi kuma suka yi shiru don su gaishe shi. Shirun nan shi ya ƙarasa ɓata lamarin.

Ya shigo gida, ko tuwo bai kalla ba.

"Lantana, sun ce in yi murabus."

"Su wa? Wa ya isa?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na sa aka kira min Jumare, na tsaya bayan ƙofar zaure na wanke shi tas. Mutumin nan ya yi ta dariya har da riƙe ciki, sannan ya juya ga Malam da ke zaune a zauren.

"Haba Malam, kai ne shugaban ƙasa? Da na Abuja muke. Wa ya ambace ka?"

Na ji sanyi, na ce magana ta ƙare. Amma Malam bai yi dariya ba.

"Na ji, ba da ni kuke ba. To Jumare, tsakaninka da Allah, kirana yana fita?"

Jumare ya shiga gyaran eriyar rediyo. Ya ja ta, ya mayar, ya sake ja. Ni kuwa da nake ta kumfar baki, na san amsar tun bara.

Washegari da azahar Malam ya ce kada a kunna lasifika. Ya hau tsohuwar matakalar nan, yana dafa bango. Ina tsakar gida, katanga biyu ce tsakaninmu, na kasa kunne iya kasawa. Da ƙyar na tsinci ƙarshen kiran. Da aka idar da salla ya miƙa wa Mu'awiyya, na'ibinsa, makullin akwatin lasifika, ya ce Allah ya taya shi riƙo.

Wanda aka yi ta yi wa ihun bai motsa daga kujerarsa ba. Nawa, da ba wanda ya ce masa komai, shi ya sauka.

Da la'asar yana alwala a ƙofar ɗaki, Mu'awiyya ya ɗaga murya, garau da ita. Sai na ga Malam ya ajiye buta, hannunsa ya tafi kunne da kansa, leɓunansa suna motsi. Na matso kusa da shi. Nasa kiran na amsa.