Akori-kurar da Katanga Ta Rufe

Tun da Istifanus ya yi ritaya wani ciwo ya kama shi, irin wanda asibiti ba ta da maganinsa: son tsohuwar mota. Ba kowace tsohuwa ba kuwa, Pijo 404 akori-kura, mai giya a jikin sitiyari, irin wadda ya taso yana gani tana nishi da buhunan acca ranar kasuwar Bogoro. So yake ya samu wadda duniya ta manta da ita, ya kwance ta noti-noti, ya kankare mata tsatsa, ya tashe ta da hannunsa. Ya share filin gefen gidansa a Yelwa, ya kafa rumfar kwano, ya sayo sufana manya da ƙanana ya jera su a bango. Komai ya kammala, mota ce kawai babu.

Ya zaga garejojin Bauchi kaf. Duk inda ya je maganar ɗaya ce, 'yan gwangwan sun riga shi, sun yanka sun auna a sikeli. Haka zai dawo gida kamar wanda ya dawo daga jana'iza, ya ja kujera ya zauna a cikin rumfar da babu komai.

"Baban Phoebe," in ji matarsa Liatu, "sa'o'inka sun yi ritaya sun sayi kaji. Kai ka sayi inuwa kana gadinta."

Ikon Allah, ita ɗin mai tsiyar ce ta gano motar. Ta je barkar haihuwa Ƙofar Ran, gidan Ikilima da suke koyarwa tare a firamare, ba ta ko gama gaisawa ba ta kira shi a waya.

"Me ka ce sunan abar nan da ta hana ka cin abinci?"

"Pijo. Akori-kura. Me ya faru?"

"To ga wata nan a tsakar gida, an shanya kuɓewa a kanta."

Istifanus bai san lokacin da ya tare keke ba. Sai da suka wuce Wunti ya lura takalmin ƙafarsa ta hagu na Liatu ne, kuma ko a jikinsa. Ya sauka a bakin lungu, ya kutsa da sauri, ya karkata kafaɗa ya shige ƙofar zauren, nan kuma tafiya ta ƙare. Maigidan, Hammajoda mijin Ikilima, ya tafi kasuwar shanu, gida cike da mata 'yan barka, namiji baƙo ba ya wuce zaure ko da gobara ce a zuciyarsa. Ga mota a bayan bango, yana jin ƙanshin tsohon baƙin mai ko kuwa hancinsa ne ke masa ƙarya, amma ba damar gani.

Sai ya kira Liatu ta bidiyo, ya mai da ita idonsa.

"Maman Phoebe, matsa baya in ga fuskarta. Tsaya nan. Kai, kai, kai. Fitilunta duka biyu na nan?"

"Suna nan. Ɗaya dai ta yi yana."

"Ɗaga bonet."

Ta ɗaga. Kaza ta yi tsalle ta fito da kururuwa, waya ta kalli sama, mata suka kwashe da dariya. Da hoto ya dawo daidai, sai ga inji zaune a mazauninsa, ƙura ta rufe shi, ƙwai a gefen kafireto, amma babu abin da aka cire. Istifanus ya dafa bangon zaure.

"Ki duba mini shasi. Ki sami wani abu ki ƙwanƙwasa."

Ya zaci za ta ce ba ta zo barka don ta kwanta a ƙasa ba. Ina. Liatu ta aro muciya, ta tattare sabuwar atamfarta, ta shige ƙarƙashin mota. Ya ji ƙarfe ya amsa, ƙwal, ƙwal, lafiyayye. Sai muryarta ta fito daga can ƙasa, wata iri, wadda rabonsa da jin ta tun suna saurayi da budurwa.

"Baban Phoebe, abar nan fa garau take. Kada ka yarda wani ya riga mu."

Mu. Ya ji kalmar har cikin ransa.

Mai motar ta fito zaure da kanta. Inna Hamsatu ce, mahaifiyar Hammajoda, tsohuwa siririya mai ido kamar na mai ƙirgen shanu da yamma. Ta zauna a kan dakali, ta dube shi daga sama har takalmin matarsa. Motar marigayi mijinta ce, Malam Yero, da ita yake ɗauko nono da hatsi daga ƙauye.

"Ɗan nan, 'yan gwangwan sun zo mini ba sau ɗaya ba, da tsintsiya nake raka su. Kai me za ka yi da ita?"

"Tashinta zan yi, Inna. Sai ta hau titi."

"Ba za ka sa mata wutar walda ba?"

"Allah ya kiyaye."

"Da ƙafafunta ta shigo gidan nan, da ƙafafunta za ta fita. In ka yarda da wannan, sauran magana mai sauƙi ce."

Ya yarda har da ɗaga hannu. Ciniki bai ɗauki lokacin shan fura ba, Inna ta ce Allah ya sa albarka, Istifanus ya ce amin da ƙarfin da ya sa mai jego ta leƙo. A keke suna komawa shi da Liatu suka yi ta gardama a kan fenti, shi yana cewa fari, ita tana cewa ruwan toka, har mai keken ya tsoma baki ya ce kore, suka haɗu suka rufe shi da faɗa. Kafin Lahadi babu wanda bai ji labari ba a Yelwa. Ya faɗa wa mai burodi, ya faɗa wa 'yan kwaya masu waƙa a coci, ya kira Phoebe a Jos ya faɗa mata sau biyu. Mutum mai furfura ya koma tafiya yana tsalle-tsalle.

Da Hammajoda ya dawo, sai ya aika aka kira su. Ya yi gyaran murya, ya ce a gyara za a shigo da baƙo, mata suka shige ɗaki, ya ja Istifanus ciki.

Ga ta nan ƙarƙashin bishiyar darbejiya, tayoyi sun lotse, fenti ya koma kalar ƙasa, an ɗaure igiyar shanya a madubinta. Istifanus bai taɓa ganin abu mai kyau kamarta ba, in ka cire Liatu ranar aure, shi ma don tana tsaye a wurin ne. Ya shafa bodi, ya leƙa ciki, ya kama giyar nan ta jikin sitiyari ya girgiza, hawaye ya cika masa ido.

Hammajoda ya bar shi ya more, sannan ya ce, "Baba, na taya ka murna. To ta ina za ka fitar da ita?"

Istifanus ya ɗago. Ya dubi gabas, ɗakuna. Ya dubi yamma, ɗakuna. Kudu katangar bulo ce doguwa, an jingina mata madafi. Arewa kuma zaure, mai ƙofar nan da shi kansa sai da ya karkata kafaɗa ya shige. A cikin zauren nan ya tsaya ya sayi mota, yana dafe da bangonsa, bai taɓa tambayar kansa ba. Ya juya ya kalli Liatu. Liatu ta sami abin kallo a saman darbejiya.

Dariya ta kama Hammajoda har sai da ya zauna a kan turmi. Da ya sami numfashi ya nuna katangar kudu. A da get ne a wurin, yana buɗewa cikin lungun baya. Bayan rasuwar mahaifinsa, Malam Yero, iyali suka ƙaru, ɓarayin awaki suka dame su, shi da kansa ya sa aka toshe. Motar tana ciki aka yi ginin, kowa ya saba da ita kamar rijiya.

Magana ba ta kwana a Ƙofar Ran. Kafin a jima ƙofar gida ta cika da masu ba da shawara kyauta. Wani ya ce a kawo motar ɗaga kaya, aka tuna masa lungun ko keke da ƙyar yake juyawa. Wani ya ce a tara majiya ƙarfi a cilla ta ta saman katanga, aka tambaye shi wa zai tsaya a waje ya cafe. Wani tela ya rantse in aka kwantar da ita a gefe za ta bi ta zaure, har ya ciro tef zai auna.

"Baba, mu bar wasa," in ji Hammajoda. "Katangar nan ba zan taɓa ta ba. Ga madafi a ciki, ga mai masa ta kafa tanda a jikinta ta waje, ga jariri a gida. A kira mai walda ya raba ta gida uku, a fitar, ka je can ka haɗa abarka. Ba wanda zai gane."

Istifanus ya dubi motar. Ya san gaskiya ne, haka ne kaɗai za ta zama tasa. Ya kuma san shasin da aka yanka ba ya komawa yadda yake, kuma ya ɗaga hannu a gaban tsohuwa. Ya tuna rumfarsa, da sufanar da ya jera, da 'yan kwaya da za su tambaye shi ranar Lahadi. Duk murnar nan ta zube masa lokaci ɗaya, zuciyarsa ta yi nauyi ƙwarai. Ya je gaban Inna Hamsatu, wadda ke zaune a kan tabarma tana jin kowa, ya durƙusa.

"Inna, ki riƙe abarki. Gara ta zauna nan kaji su yi ta ƙwai a ciki da in sa mata wuta. Ki dai bar ni in riƙa zuwa ina ganinta."

Inna ta dube shi, sannan ta yi magana, ba da shi kaɗai ba.

"Ranar ƙarshe da Malam ya shigo da ita ya kashe injin, ce mini ya yi, Hamsatu, gobe ki shirya in kai ki Zungur ki ga 'yan'uwanki. Da safe bai iya tashi ba. Na je Zungur bayan nan, a tasi, a keke, har a bayan mashin. Amma wannan tafiyar da ya ce, ba a yi ta ba."

Ta miƙe, ta ɗauki taɓarya a gefen turmin da ɗanta ke zaune, ta nufi katangar kudu. Ta ɗaga ta buga. Ko ɓurɓushi bai faɗo ba. Ta sake ɗagawa.

"Inna, don Allah," Hammajoda ya tashi da sauri ya riƙe taɓaryar. "Za ki karya hannu."

"To karɓi ka yi. Kai ka toshe."

Ya tsaya da taɓarya a hannu, ya dubi uwarsa, ya dubi jama'a, ya sauke numfashi. "A samo guduma," ya ce.

Abin da ya biyo baya ya fi bikin sunan jaririn armashi. Istifanus ya ɗauki alkawarin maida katanga, har da get na ƙarfe. Aka kwashe tukwane daga madafi, aka kai mai jego ɗakin can ƙarshe. Mai masa ta ja tandarta gefe tana mita, da ta ga taron da ya haɗu kuma ta ƙara ƙullu. Wani mai faci ya kawo aron tayoyi. Ƙafafun motar sun cije, aka yi ta zuba musu baƙin mai ana lallashi da guduma har suka saki. Liatu, da ɗankwali ɗaure a ƙugu, ita ke ba da umarni kamar a gareji aka haife ta. Bulo na ƙarshe ya faɗi, hasken lungu ya shigo tsakar gida ta inda ya daɗe bai shigo ba.

Istifanus ya buɗe ƙofa zai zauna a sitiyari, sai ya tarar da mutum a ɗaya kujerar. Inna Hamsatu ce, ta sako mayafinta na fita unguwa, ta ɗora jaka a cinya, tana kallon gaba.

"Inna, ba ta tashi ba fa. Turawa za a yi zuwa bakin titi, a ja ta Yelwa."

"Na sani. Ja mu je."

Aka tura. Motar ta yi ƙara, ta yi kamar ba za ta ba, sannan ta motsa. Ta taka ɓaraguzan bulo, ta sako hanci cikin lungu, da ƙafafunta. Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida. Masu turawa, da yake injin ba ya aiki, suka ɗauki aikinsa da baki, kowa na ruri irin nasa, tela na yin hon. Istifanus na murza sitiyari yana dariya, hawaye na bin kumatunsa, bai ma damu ya share ba.

"Inna," ya ce, "ranar da ta tashi, ke ce farkon shiga. Zungur za mu, ke a nan gaba, Maman Phoebe a baya da kaji."

"Yaushe?"

"Aikin da yawa. Inji, birki, waya, fenti. A hankali zan bi ta, ba na son gaggawa. Ko shekara, ko biyu."

Inna ta shafa gaban motar da tafin hannu, ta share ƙurar wurin, ta dubi hannun.

"Bar fentin, ɗan nan, fara da injin. Ita ƙarfe ce, ta iya jira. Ni ba ƙarfe ba ce."

Ya daina dariya. Ya dube ta, ita kuwa titi take kallo. Ya leƙa ta taga ya ce wa masu turawa su ƙara hannu.