Hancin Ubangijin Masara

A garinmu duk wanda ya manyanta yakan sa a yi masa farantin tafiya. Na yumɓu ne, da zanen ubangijin masara yana rawa. Ranar da mutum ya cika sai a huda farantin a kife masa a fuska, ransa ya sami hanyar fita. Tsohuwa Ish Mukuy haƙoranta sun zube amma ta ƙi sa a yi nata, alhali Tukul mai zanen tukwane ƙanin marigayi mijinta ne, katanga ɗaya ta raba su.

Da ya ishe ta da tsiya sai ta faɗa masa gaskiya.

"Ba mutuwar nake tsoro ba, ɗan nema. Fuskar yayanka Sinik ce ta ɓace mini. In na isa can ƙarƙashin ƙasa, cikin taron matattu, wa zan kama?"

"Ki bi inda ake minshari, shi ne," in ji Tukul.

Ta jefe shi da totuwa. Amma abin yana cinta ƙwarai, har abinci ta rage.

Tukul ya koma bakin aikinsa. Ya gina faranti, ya zana da jan launi da baƙi, ya gasa, ya kawo mata. Ga ubangijin masara nan da dogon kansa da gashin tsuntsu kamar kullum, sai dai hancinsa ya karkace hagu.

"Wannan wane irin saɓo ne? Wa ya ce maka hancinsa a karkace..." Sai ta gane hancin. Tun yana saurayi ƙwallon roba ya fasa wa Sinik hanci a filin wasa, ya warke a haka. Ta yi dariya har da hawaye.

"Kai, Tukul! In masu ɗakin bauta suka gani fa?"

"Sai in ce zafin wuta ne ya lanƙwasa shi."

Ba ta adana farantin ba. Kullum a ciki take cin ƙullin masararta, ta suɗe tas ta ga fuskar, ta yi mata faɗa kan ɓarnar da Sinik ya yi tun tuni. Ta kuma ja mana kunne: "Ranar hudawa ku huda ta cibiyar zanen. Wanda ya taɓa mini hancin nan zan dawo masa."

Da ranar ta zo, Tukul da kansa ya huda ta cibiya. Sannan ya kife mata farantin a fuska, ya yi ta juya shi a hankali, sai da hancin ya zauna daidai kan nata.